Shafin da Ka Bari Babu Rubutu

Duk wanda ya zo karanta wannan don ya ji wace makaranta ce ko wane malami ne, ya wuce gaba, ba zan faɗa ba. Masu turo mini saƙo cewa na zubar wa unguwa mutunci, na gani, ba kuma zan amsa ba. Iyaye mata kuwa, ku karanta har ƙarshe, sannan ku je ku binciki jakar 'ya'yanku. Wasiƙar da ke ƙasa ba taku ba ce, ta maigidana ce, Allah Ya jiƙansa. Na sa ta a fili ne don na gaji da maimaita bayani.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam.

Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinka, ina sanar da kai muna nan Arkilla lafiya. Darbejiyar da ka dasa ta wuce katanga. Yaran nan biyu suna ci suna sha, sai dai yau kwana shida ke nan ba wanda ya dube ni cikin ido. A kan ƙwallon kwandonka ne. Na gaji, Malam, kuma kai kaɗai za ka gane irin gajiyar.

Ka tuna lokacin da muke haya a Unguwar Rogo, kana sabon malamin wasanni a makarantar sakandaren maza? Filinku jar ƙasa ce. Mai walda ya lanƙwasa maka rodi ya yi zobe, ka kafa shi a jikin katako, ka ja layi da toka. Rabin yaran ba su da kambas. Kullum ka dawo sai na jiƙa wandonka kafin ya wanku, ina wanki ina faɗa, ina cewa mutum da iliminsa ya ƙare a hura usur.

Ka tuna littafinka mai baƙin bango? Shekara bayan shekara kana rubuta gasar makarantun maza: waɗanda suka shiga, waɗanda suka kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale inda faɗuwa ɗaya ke kora makaranta gida, waɗanda suka yi wasan ƙarshe. Ba makarantu kaɗai ba, har sunan kowane yaro da na mahaifinsa. Shekarun da gasar ta mutu ba wanda ya waiwaye ta, ka rubuta "ba a yi ba" ka ja layi. Shekarar da aka zuba wa filin siminti ka cika shafi biyu don murna. Idan na ce ɓata biro kake yi, sai ka ce, "Kofi ƙarhe na, shina tsatsa. Sunan yaro shi aka ajewa."

Shafi ɗaya ne babu komai a kansa sai shekarar da ka rubuta a sama. Ita ce kuma shekara ɗaya tak da makarantarku ta ɗauki kofi. Ban taɓa faɗa wa kowa a waje dalili ba, yau zan faɗa, ka yafe mini.

Sau uku kuna kaiwa wasan kusa da na ƙarshe ana fitar da ku, kana cewa abokan karawarku na kawo ƙatti masu aski a haɓa. A ta huɗu sai kai ma ka kawo naka, wani dogon saurayi mai lodin kaya a tasha, aka sa masa rigar makaranta da sunan wani ɗalibinka. Kuka ci. Kofin ya yini a ɗakinmu bisa kabad kafin a kai shi ofis. Ka ce in goge masa ƙura, na ce ba da tsummana ba. Ranar ba ka ci tuwo ba. Ka buɗe littafin, ka daɗe riƙe da biro, ka rufe. Abin da ka ce shi ne, "Ban san wanda yac ci ba, mi zan rubuta?"

Yaron da aka ari sunansa ya yi shekaru ana kiransa zakara a gari kan wasan da bai buga ba. Har ya girma ya yi iyali, in ya hango ka a kasuwa sai ya sauya layi. Kai ma haka. Daga shekarar nan ne ka dage sai an riƙa tantance 'yan wasa da katin makaranta mai hoto, don a hana sojan gona. Mutane suna yabonka a kan dokar katin, ni kaɗai na san abin da ya haife ta.

To, ga abin da ya faru bayanka.

Kabiru, ƙaramin, yana aji na ƙarshe a tsohuwar makarantarka. Shi ya gaji littafin, shi ke rubuta shi tun rasuwarka, rubutunsa ma irin naka ne mai kwanciya gefe. Shekara uku yana atisaye, ya huda kambas biyu. Amma bai yi tsawo ba, ni ya biyo. Yayansu kuwa, ɗanka na fari, kai ya biyo, sai ya sunkuya yake shiga kicin. Ya gama sakandare shekara biyu da suka wuce, yana zaune yana jiran gurbin karatu. Fuskarsu ɗaya, ka sani, tun suna ƙanana baƙi ke rikita su a hoto.

Bana makarantar ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ranar wasan Kabiru ya ce kansa na ciwo, ya kwanta tun azahar ya juya wa ƙofa baya. Na yi mamaki, yaron da zazzaɓi bai taɓa hana shi fili ba. Na ba shi magani na ƙyale shi. Yayansu ya ce zai je wurin abokinsa a Gidan Dahala.

Bayan la'asar maƙwabciyarmu ta shigo da guɗa, wai in zo in ga Kabiru a waya, ɗanta ya ɗauko bidiyon wasan. Na karɓa. Fili cike da yara suna ihu, Kabiru, Kabiru. Wanda ke gudu da ƙwallon kuwa, yana karkata kafaɗar hagu kamar yadda kake yi, ba sai an nuna mini fuskarsa ba, yayansu ne. Kabirun da ake wa ihu yana kwance a ɗakin da ke bayana. Na miƙa mata wayarta na ce Allah Ya sa albarka. Na zauna a kan turmi.

Ban tambaye su ba sai da safe. Kafin nan na ɗauko littafin. Kabiru ya rubuta duk wasannin bana, suna bayan suna, har da wanda ya gurɗe a ƙafa. Shafin wasan jiya kuwa kwanan wata kawai ke kai. Malam, a lokacin ban taɓa faɗa masa labarin shafinka ba. Shi kaɗai hannunsa ya ƙi.

Da na tsare su, ba su yi musu ba. Kocinsu ne ya kawo shawarar, ya ce hoton katin Kabiru tsoho ne, ba mai ganewa, kuma kowace makaranta haka take yi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da kai aka lallashe su. An ce musu tun zamanin babansu rabon makarantar da kofi, su ne za su dawo maka da shi. Kabiru bai iya musa wa yayansa, yayan bai iya musa wa malami, aka haɗu aka yi ƙarya da sunanka.

Kwana biyu ina juya abin. Saura kwana uku a yi wasan ƙarshe. In na yi shiru, za su iya cin kofi, unguwa ta yi murna, 'ya'yana su ci gaba da yi mini dariya a tsakar gida. In na yi magana, za a kori makarantar daga gasar, har da yaran da suka buga da sunansu na gaskiya, ba su ci ba ba su sha ba. Waɗannan yaran su suka fi tsaya mini a rai, har yanzu ma. Amma na ga abin da kofin aro ya yi maka. Shekara da shekaru kana sauya layi a kasuwa. Ba zan zauna in ga Kabiru yana amsa gaisuwar zakara yana sunkuyar da kai ba, ba kuma zan bar babban ya koyi cewa tsawonsa abin haya ne ba.

Na sa hijabina, na sa su gaba, muka hau napep zuwa makaranta.

Ka san ni da kunyar ɗan fari. Tun ranar suna ban taɓa kiran sunan yaron nan ba. Yayansu nake cewa, ko wancan, ko kai. A asibiti ma kai kake faɗa wa ma'aikata, ni in kau da kai. Innata haka ta yi da ni, ban ga dalilin sauyawa ba, ko da kake yi mini tsiya kana cewa na yi boko a banza.

Shugaban makaranta ya karɓe mu da fara'a, ya ɗauka godiya muka zo karɓa. Na ajiye katin a kan teburinsa, na nuna ƙaramin na ce ga mai katin. Ya dubi katin, ya dubi babban, ya ce to wannan fa wane ne? Na jira yaron ya faɗa da bakinsa, ya yi shiru yana kallon ƙasa. Na jira Kabiru, shi ma shiru. Ba kai a wurin da za ka faɗa a madadina.

Sai na ce, "Wannan Mustafa na. Ɗana na hwari. Shi yab buga."

Malam, shekara ashirin sunan nan na cikin bakina ban fitar da shi ba, sai a ofis, gaban baƙo, a kan abin kunya. Yaron ya ɗago kai da sauri kamar an mare shi. Hawaye suka zubo masa. Ban san ko na tonon asiri ba ne ko na jin sunansa a bakina, ban kuma tambaya ba.

Shugaban ya yi abin da ya dace, ya rubuta wa masu shirya gasar da hannunsa. An cire makarantar. Waɗanda aka fitar a wasan kusa da na ƙarshe su suka buga na ƙarshen. Maƙwabciyarmu ta daina shigowa, ɗanta na cikin 'yan wasan da suka rasa. Na je na ba ta haƙuri, ta amsa daga bayan labule. Wasu na cewa wasa ne kawai, me ya kai mace ciki. In wasa ne kawai, me ya sa sai da aka yi ƙarya kafin a ci shi?

Ba na jin daɗin nasara, don ban ga wadda na yi ba. Gidan shiru, ƙwallon na ƙarƙashin gado. Jiya dai na ga littafin a kan tabarma a buɗe. Kabiru ya cika shafin. Ya rubuta sunayen abokansa, a ƙasa ya rubuta sunan yayansa cikakke da naka, ya ƙara da cewa ya buga da katin ƙanensa, an cire mu. Ƙarƙashin layin akwai sa hannu biyu. Na rufe na mayar inda yake, ban ce musu na gani ba.

Naka shafin ban taɓa shi ba. Na faɗa musu labarinsa dai, don kada su ji a waje. Babban ya ce Allah Ya jiƙan Baba. Ina ganin ba su rage ka da komai ba. Ni ma ban taɓa rage ka ba, Malam, ko ranar da na hana ka tsummana. Faɗan da nake yi a bakin wanki, da za ka dawo da wandon nan mai jar ƙasa, wallahi da na wanke ban ce uffan ba.

Allah Ya gafarta maka shafin nan da sauran abin da ke tsakaninka da Shi. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya shirya mana yaran nan, Ya sanyaya zuciyar waɗanda aka cire ba da laifinsu ba, Ya ba ni ƙarfin ƙarasa abin da ka bar mini. Amin.

Ni ce matarka,
Hajara.

Na manta ban faɗa maka ba, na kafa doka, na kuma faɗa musu ita da safe kafin su karya. Ban hana ƙwallo ba, duk mai so ya buga har kambas ya huje. Amma daga yau, duk wanda ya fita ƙofar gidan nan da sunan da aka raɗa masa zai fita, da shi zai ci, da shi zai faɗi, da shi kuma zai dawo ya yi mini sallama.