Likkafaninki, daga kan dutsen Kasala

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hanne, a makwancinta da ke Toranke.

Bayan sallama da gaisuwa irin wadda ɗa ke yi yana durƙushe, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama. Na san ba ki karatu, yanzu kuma ko mai karanta miki ba zai same ki ba. Duk da haka sai na rubuta, don akwai abin da na yi da kayanki, kuma ban iya kwana da shi ba.

Malam Audu na Ajingi, wanda kike sayen gishiri a wurinsa ranar kasuwa, shi ya sauka nan Kasala a motar masu zuwa hajji ta ƙasa. Shi ya ce mini kin rasu tun kakar bara waccan. Ya faɗa yana ɓare goro, don a zatonsa na sani. Na ji haushin ƙanena Sale da bai aiko ba. Amma in za a faɗi gaskiya, ina zai aika? Ni na ɓata, ba shi ba.

Kin tuna audugar bayan gida da kika hana a kai kasuwa? Rani guda kina kaɗi, har yatsunki suka tsage. Masaƙi a Gaya ya saƙa, kika naɗe farin da kanki, kika zuba kanumfari a tsakani saboda ƙwari. Ranar da zan tashi kika miƙo mini kika ce, “Tanko, in ka isa Makka ka jiƙa shi da zamzam sosai, kada ka yi masa yayyafin rowa. A ciki nake so a sa ni.” Na ce damina biyu na dawo. Wannan ce ta goma sha ɗaya.

Ban isa ba, Inna. Guzuri ya ƙare tun a Chadi. Na tsinci auduga a gonakin Sudan, na yi dako, na yi ga-ruwa. Sau biyu ina kaiwa bakin teku ana koro ni saboda takarda. Yanzu an ce daga Kano jirgi ake hawa, a karya a gida a yi azahar a Jidda. Ban ce ba su cancanta ba. Amma in na ji ƙararsa a sama, ba na ɗaga kai.

Washegarin zuwan Malam Audu masu gaisuwa suka cika ɗakina. Na kasa zama. Na goya ƙunshinki na kama hanyar dutsen da ke bayan gari, wanda kullum nake gani ban taɓa hawa ba. Ke da ba ki san abin da ya fi rimin ƙofar gari tsawo ba, da kin gan shi sai kin yi salati. Duwatsu ne sumul, kamar an kife manyan tukwane.

A can sama na tarar da masu sayar da gahawa, da birai, da angwaye da amarensu. Har da wasu Turawa biyu, kowa da jaka a baya kamar ni, suna ta ɗaukar hoto. Su don nishaɗi suka goyo tasu. Wurin yana da kyau, ba zan ƙi faɗa ba: lambunan mangwaro kore shar, kogi ya kwanta ba ruwa, gari duk ya ƙanƙance. Na juya yamma ina neman gida. Babu komai sai fili da hazo.

Na kwance ƙunshin. Farin ya yi ja a wajen ninki. Ƙamshin kanumfarin ya daɗe da tafiya.

Daga nan na hango maƙabartar unguwarmu ta takari, wato mu baƙin ƙasar Hausa, mutum biyu suna haƙa. Da na sauko aka ce wata tsohuwa ce da ta zo a mota ɗaya da Malam Audu, zazzaɓi ya ɗauke ta da hantsi. Ba ɗa, ba jika, sunanta ma rabi aka sani. Na tarar ana bi gida-gida ana haɗa ƙyallaye.

Na ba su naki.

Matan da suka yi mata wanka sun ce ya ishe ta har da saura. Gajeruwa ce kamarki. Ni na kama gaban makara.

Abin da nake neman gafararki a kai ke nan. Kin aike ni, ban kai ba, ban dawo ba, kuma na bayar ban tambaye ki ba. Ban san da wane yadi Sale ya rufe ki ba, kuma ban iya tambayar Malam Audu ba. Zamzam bai taɓa farinki ba, Inna. Gumin bayana kaɗai ya jiƙa shi, amma wannan kam ba yayyafin rowa ba ne.

Allah ya yalwata miki kabari, ya haɗa ki da baƙuwar nan a inuwa ɗaya, ki ga aikin hannunki a jikinta. In kin gane shi, ki yafe mini.

Ɗanki da bai cika aike ba,
Tanko
Kasala, ƙasar Sudan