Shamuwar Baba

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025
Yau ma ni na kai Baba dam a mashin. Mutum da ƙafarsa, ya yi shekaru yana zuwa shi kaɗai, bana sai "Ikrima, zo ka kai ni." Wai jiran shamuwa. Duk garinmu Furana babu mai fito da iri sai Baba ya ce ya ganta. Na ce masa yanzu waya ma tana faɗin ranar ruwa. Ya ce, "To ka tambaye ta ko ta taɓa shuka dawa."

Laraba, 9 ga Afrilu
Ruwan dam ya ja baya sosai. Zalɓe ɗaya tsaye kamar mai gadi. Kirinjijiya sun wuce suna fito, tun ban ɗaga kai ba Baba ya faɗi sunansu. Sai kuma ya nuna bakin ruwa: "Ga balbela can." Farar leda ce ta maƙale a kara. Na yi dariya har da buga cinya, na ce to Allah ya sa ta yi ƙwai. Ya juya ya nufi mashin.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Na ba ƙanwata Naja'atu labarin leda. Ba ta yi dariya ba. "Yaya, kai da kake karanta har takardar ƙosai, ba ka karanta idon Baba ba?" Ashe yanar ido ce ta rufe masa gani. Tun bara. Kowa a gidan ya sani sai ni mai baki.

Litinin, 14 ga Afrilu
Ban iya kallonsa ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Bayan masallaci Malam Hamisu ya ce wa Baba, "Malam Lawal, bana shiru?" Baba ya ce tana hanya. Na ga yadda ya damƙe carbi. In wani ya riga shi gani, shi ke nan, an gane.

Lahadi, 27 ga Afrilu
Ta iso. Guda biyu, baƙaƙe, farin ciki, suka sauka kan tsamiyar gefen dam. Baba yana kallon wani wajen daban. Shamuwa kuma ba ta kuka balle ya ji.

Bakina ya buɗe zai yi abin da ya saba. Na rufe shi. Na ce, "Baba, mene ne wancan a kan tsamiya, ta hannun damanka? Baƙi ne, cikinsa fari. Ni ban san shi ba."

Ya juya a hankali. Ya daɗe yana kallon tsamiyar. "Shamuwa ce, ɗan nan. Karatunka bai kai nan ba?"

Na ce bai kai ba.

A hanya ya riƙe kafaɗata fiye da yadda ramukan hanyar suke buƙata. Dab da gari ya ce, "Guda nawa na gani?" Na ce biyu.

Litinin, 28 ga Afrilu
Gari ya ɗauka: Malam Lawal ya ga shamuwa. Na tambayi ranar da likitan ido yake zama a Zariya. Gobe da safe dam tukuna. Ba don komai ba, mashin ɗin ne ba ya son zama.