Na Shafa wa Dodonka Man Kaɗanya

Zuwa ga Yayana Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji a makwancinka. Wata bakwai ke nan da rasuwarka a nan Kuala Lumpur. Na rubuto ne saboda na yi ɓarna, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Har yanzu ina gidanmu na Wangsa Maju, ni kaɗai. Ɗakinka yana nan yadda ka bar shi. Rigunanka na mawaƙan kiɗan rock suna rataye, fuskokin robar nan goma sha ɗaya da nake kira dodanni suna jere a kan kanta. Mama ta sha bugowa daga Zariya tana cewa in fitar da su, ba kayan gidan Musulmi ba ne. Wani ɗalibi daga Bukit Jalil ya zo har sau biyu yana son saye. Duk na ƙi.

Ka tuna yadda nake maka tsiya? Ƙato da kai, injiniya guda, kana bin shagunan tsofaffin kaya kana leƙa cikin wuyan roba don neman hatimin kamfani. Kana cewa, "Bilki, wadda ba ta da hatimi jabu ce." Ni kuwa in ce jabu da ta gaske duk munin ɗaya ne.

Baƙar nan mai jan baki ita ce 'yar lelenka. Ta girme ni, in ji ka, kuma ita kaɗai kake sakawa. Ranar da na faɗi jarrabawa ina kuka, da ita ka shigo kicin kana kaɗa ludayi kamar gita, sai da na yi dariya har na ƙware.

To, Yaya, watan jiya na ga kumatunta sun fara tsagewa, irin kaushin dunduniya. Wallahi hankalina ya tashi. Sai na ɗauko man kaɗanyar da Mama ta aiko mini, na zauna na shafe ta ciki da waje, a hankali, yadda nake shafa maka a hannu a asibiti. Ta yi sheƙi. Har na ji daɗi, na ce yau na kyauta maka.

Bayan mako biyu ta fara danƙo. Hancin ya lotsa. Da na ɗaga ta, sai kunci ɗaya ya biyo yatsana.

Na naɗe ta a tawul na hau jirgin ƙasan LRT zuwa wurin tsohon nan mai shagon da kake zuwa. Ya gane ta tun kafin ya gane ni. Ya ce mai yana cinye irin wannan robar, hoda ake sa mata, kuma babu gyara. Sannan ya tambaye ni ina ka shiga kwana biyu. A nan tsaye na gaya masa, sai ya cire tabarau.

A hanyar dawowa na tuna maganarka. Duk ranar da muka yo ƙunshin roti, gurasar nan mai maiƙo, daga gidan abincin mamak, sai ka tare ƙofar ɗakin ka ce, "Wanke hannu tukuna, mai ne a hannunki." Ni a zatona iyayi ne kawai. Ashe ka gaya mini, sau ɗari ka gaya mini, ban saurara ba. Kaico!

Sauran goman yanzu hoda nake sa musu duk Asabar, na cusa musu takarda don kada su lanƙwashe. Na ma iya gane hatimi. Amma ba wadda ta taɓa zama a kanka a cikinsu.

Jiya na ɗauko baƙar zan jefar, don ta fara wari. Da na juya cikinta, sai ga gashin gemunka guda huɗu manne a haɓar, robar ta narke ta riƙe su. Na gwada cirewa, suka ƙi fita. Na mayar da ita kan kantar, a tsakiya, inda take.

Ka yafe mini, Yayana. Ina kewarka ƙwarai, gidan nan ya yi mini girma.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya ba Mama haƙuri, ni ma Ya ba ni. Amin.

Ƙanwarka da ba ta jin magana,
Bilki