Inna Tana Tambayar Injinku

Haɗejiya, ƙarshen damina.

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina miƙo gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan kana lafiya, kai da malamanka da abokan aikinka a can Jamus. Yaya sanyi, yaya kuma karatu? Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa ya shiga fadama bana, ko da yake bai kai na shekarun da ka sani ba. Mutanen Auyo sun fara yankan shinkafa a cikin kwalekwale, bandar kifi ta cika kasuwa. Ni kuma hutunmu ya kusa ƙarewa.

Ka yi haƙuri da tsawon wannan takarda. Ka san ni, in a gabanka nake ba zan iya faɗin ko rabinta ba.

Ka tuna lokacin da takardarka ta iso da hoton da ka sa a ciki. Na karanta wa Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa, har wurin da ka ce injinku ya fara aiki bayan dogon jira, an kuma ba ka damar ƙara shekara biyu, kana neman izininta. Ba ta ɗago kai ba. Cewa ta yi, "Allah ya ba da sa'a." Haka na rubuta maka a lokacin, domin haka ta faɗa, na kuma san ka ɗauka ta amince har zuci.

Amma kai ɗan fari ne, Yaya, ka fi ni sanin abin da hakan yake nufi a gidanmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakin Inna ba. "Yayanki" take cewa, ko "wancan". Ranar da muka raka ka tashar jirgin ƙasa a Malam Madori ba ta je ba, ta ce wanki ya taru mata. Da muka dawo na tarar da kayan a jiƙe, ko ɗaya ba ta taɓa ba. Goggo Dije, ƙanwar marigayi Baba da ta goya ka, ita ta yi kukan mutum biyu a tasha. Goggo takan ce kunyar Inna irin ta Fulanin da ce, ko wuta ta kama zaninta a gaban ɗan fari ba za ta ce ya miƙo ruwa ba.

Tunda ba za ta tambayi lafiyarka ba, sai ta koma tambayar injinku.

Da farko cewa ta yi wai me abin yake niƙawa. Na haɗa abin da ka rubuto da wanda malaminmu na kimiyya ya ƙara mini, na yi iya ƙoƙarina. Na ce mata kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana da cibiya. Ku masu nauyin kuke zaɓa, irin na dalma. Sai ku fige musu kaɗan daga lantarkin da ke kewaye da su don wuta ta iya jansu, ku tura su cikin dogon bututun ƙarfe da aka zuƙe wa iska tas. Wutar lantarki tana ingiza su gaba daki-daki, manyan maganaɗisu suna tsare su kada su kauce hanya, har su yi gudun da ba shi da misali, su je su daki fallen ƙarfe wanda bai kai ɓawon albasa kauri ba. Daga ɓarɓashin da ya tarwatse kuke gane abin da ke cikin cibiyar.

Sai ta ce ashe manyan mutane ne suka taru suna fasa goruba don su ga ƙwallon ciki. Goggo ta yi dariya har da tari.

Daga nan tambayoyin ba su yanke ba. Wai ɗakin da injin yake, da sanyi? Masu tsaronsa wa yake dafa musu abinci? Suna samun wurin salla? Da na ce mata akan kewaye shi da katangar kankare mai kauri saboda abin da yake fitarwa yana cutar da jiki, ranar ba ta ci tuwo ba. Washegari ta sa na sake faɗa mata kaurin katangar, na nuna mata da hannuwana, ta shafa daga wannan hannu zuwa wancan.

Yanzu Inna ta fi 'yan ajinmu sanin injin nan. A makaranta ba ni da wadda zan yi wa zancensa. Sau ɗaya na gwada, tun daga nan suke kirana Malama Zarra, in na wuce su ce a matsa kada in dake su su tarwatse. Na daina magana. Nakan zauna a ɗakin gwaji ni kaɗai da ɗan maganaɗisun makarantarmu guda da garin ƙarfe, ina tunanin naku da ka ce ya fi mota nauyi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar nan Inna ta ce in kawo hoton ta ga injin. Ta kai shi dab da idonta na dama, tana matsar da shi sama da ƙasa. Can ta ɗora yatsa a kan wani dogon farin tulun ƙarfe da ke gefenka, ta shafa shi a hankali, ta ce masu injin nan sun rame. Goggo ta buɗe baki, na girgiza mata kai. Na kama yatsan Inna na matsar da shi kaɗan zuwa inda kake tsaye da farar rigarka. Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi, ta ce in je in duba tukunya. Hoton bai dawo hannuna ba. Yana cikin kwallar kayanta, ƙarƙashin zanin Sallah.

Yaya, idon Inna na hagu ya tafi. Na dama kuma gani take kamar mai leƙe ta kafar zana. Goggo ta kai ta asibitin ido a Kano, likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar ce take mutuwa a hankali. Ya ba da maganin ɗigawa, amma bai yi alkawarin ganin zai kai wata damina ba. A hanyar dawowa abu ɗaya Inna ta ce wa Goggo: ba a ɗaga wa mai karatu hankali.

Jiya da yamma tana dama fura, ta juya mini baya, ta ce, "Wannan injin, in mutum ɗaya ya ɗan matsa, tsayawa yake yi?"

Na ce ban sani ba, sai na tambaya. Ta ce kada in ce ita ta aiko ni. To ga shi na faɗa, Allah ya yafe mini.

Ban ce ka bar karatunka ba. Na san layi ake bi kafin a ba mutum injin, wanda kuma ya rasa nasa lokacin sai ya koma baya. Ni ma ina son ka gama, wataƙila fiye da kowa. Amma ka roƙi malamanka ko mako ɗaya ne, kafin Babbar Sallah.

In Allah ya kawo ka, kada ka sa rai za ta tarbe ka. Sannu da zuwa za ta yi maka kamar baƙo, ta ci gaba da aikinta. Ka zauna a tsakar gida da rana tsaka, ta wajen damanta, inda haske zai sauka a fuskarka. Ka juya ka yi hira da Goggo, ka daɗe kana yi, kada ka waiwayo. Muddin kana kallonta ba za ta kalle ka ba.

Allah ya tsare ka daga sharrin abin da ke bayan katangar nan, ya sa albarka a iliminka, ya tausasa zukatan malamanka. Allah ya bar wa Inna sauran haskenta har ka iso. Amin.

Taka ƙanwa mai jiran amsa,
Sa'adatu