Na share sawun da na gani a tsakar gidanmu

Salama gare ku 'yan group. Admin ka ɓoye sunana. Shawara nake roƙo don Allah, kwana tara ke nan abinci ba ya wuce mini.

Ni da kakata muke zaune a Rikoto, ita ta riƙe mu ni da yayana tun rasuwar mamanmu. Ranar Talata da safe na dawo daga bohol, tun daga ƙofa na ji awaki suna ta kuka a ɗaure, alhali Kaka ba ta taɓa barinsu su kai wannan lokacin. Na shiga na same ta kwance bakin ɗaki, jini ta ƙeya, zaninta ya yaye, taɓarya a gefenta duk jini. Na kira ta na kira, shiru.

Na kwarma ihu. Kafin mutane su cika gidan na rufe ta da zani, na wanke taɓaryar na jingine ta wurinta, na ɗauki tsintsiya na share tsakar gida. Ku ma kun sani, ba a barin masu zuwa gaisuwa su tarar da gida kaca-kaca.

Da 'yan sanda suka zo suka fitar da kowa, suka zagaye gidan da igiya, ɗaya ya sa safar hannu yana ɗaukar hoto. Ya ce wa ya taɓa wurin nan, na ce ni ce. Ya dafe kai, ya ce an yi ruwa ƙasa ta jiƙe, da sawun wanda ya kashe ta yana nan ƙarara, ga shi na goge komai. Suka sa taɓaryar a leda, suka tafi da ni. Kwana biyu ana maimaita mini tambaya ɗaya, me ya sa na share, ni kuma amsa ɗaya nake bayarwa, saboda baƙi.

Ga abin da ban faɗa musu ba. Kafin in ɗauki tsintsiyar na ga sawun. Takalmin ruwa ne, dunduniyar hagu da facin taya. Ni na kai takalmin nan wurin mai gyara da hannuna. Na yayana ne. Mako biyu kafin nan sun yi faɗa da Kaka kan gonarmu ta Kanya, shi yana so a sayar, ita ta ce sai bayan ranta. Shi kuma ya gaya wa 'yan sanda ranar a Mahuta ya kwana. Yayan nan shi ya goya ni zuwa asibiti lokacin da maciji ya sare ni. A wurin jana'iza ma an ce shi ya fi kowa kuka. Ƙila ya shigo ne da sassafe ya gaishe ta ya fita, to me ya kawo zancen Mahuta? Har yau ni kaina ban san ko don baƙi na share ba, ko don shi.

Rana ta uku wajen ƙarfe huɗu, Mama Ngozi mai shago kusa da bohol ta zo ta ba da shaida cewa a gabanta nake kan layin ɗibar ruwa tun shida na safe. Ta ce musu, "Wannan yarinya ba ya iya yanka kaza ma, ku bar shi ya tafi." Mai binciken ya miƙo mini biro na sa hannu, ya ce, "Ƙanwata, je ki gida, babu abin da zai same ki. In kin tuna wani abu, komai ƙanƙantarsa, ki dawo."

Da na fito yayana ne ke jirana a bakin geti da mashin, ya kawo mini ruwan leda. Na kalli ƙafarsa, silifas ne. Na hau bayansa muka tafi.

Jama'a, in koma in faɗa, alhali sawun babu shi, sai bakina kawai? Ko in yi shiru in bar jinin Kaka ya tafi haka? Shi kaɗai ya rage mini a duniya. Me zan yi?