Wasiƙar Godiyar Baba

Barking, London
9 ga Nuwamba, 1975

Yaya Almu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba da Inna. Yau zan faɗa maka abin da na ɓoye tun watan Yuni, amma don Allah kada ya wuce kunnenka.

Faɗuwar da na yi a jirgin ruwan yawon shaƙatawa, wanda maigidan ya kai ni da ariyas ɗin ƙarin albashin Udoji da gwamnatinmu ta biya shi, ba targaɗe ba ne kamar yadda na rubuto muku. Gwiwata ce ta fashe. Ƙarfen dafawa na matakala ne ya cire a hannuna, na gangara har ƙasa. Wata biyar ke nan ban je aiki ba, kuma ka san ungozoma da ƙafarta take cin abinci. Matron, shugabarmu a asibiti, ta ce ba za su ajiye min gurbina har abada ba.

Mun ɗauki lauya a Charing Cross. Ya karanta mana ƙananan rubutun bayan tikiti, waɗanda ko kallonsu ba mu taɓa yi ba: dole a sanar da kamfanin jirgin a rubuce cikin wata shida, a shigar da ƙara cikin shekara, in ba haka ba magana ta mutu. Mun sanar da su, an kuma kai musu sammaci. Amma ya ce idan muka faɗi, kuɗin lauyoyinsu ma a wuyanmu zai hau. Tun da na ji haka abinci ba ya shiga min.

Ƙanwarka,
Zinatu

Tudun Wada, Zariya
2 ga Disamba, 1975

Zinatu,

Bayan gaisuwa da ya jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Ke da ko kwalekwalen kogin Kaduna ba kya yarda ki shiga, me ya kai ki tsakiyar teku? Nan Udoji babur ya saya wa mutane suna ta karyewa, ke kuma sai da kika tafi ƙasar waje neman taki karayar.

Wasa nake yi, wallahi na yi ƙwalla da na karanta. Ban faɗa wa kowa ba. Katin nan da kika aiko mai hoton jirgin, Baba ya maƙala shi a zaure, duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin kirkin ma'aikatan da suka ɗauke ki zuwa wurin likita.

Wai shin lauyoyin can sukan tono tsofaffin wasiƙu? Tambaya ce kawai.

Yayanki,
Almu

Barking
14 ga Maris, 1976

Yaya,

Ina gaisuwa. Yanzu na gane tambayarka.

An zo matakin da kowane ɓangare zai nuna wa ɗayan takardun da yake riƙe da su. Mu muka ba da rahoton likita da hoton ƙashi. Su kuma suka fito da wasiƙa daga Zariya, da Turanci, da sa hannun Baba. Ta ce: muna godiya, 'yarmu ta shaida mana tsautsayi ne, ba laifin kowa ba, mun yafe duniya da lahira. Lauyanmu ya ɗago ya dube ni ya ce, "Mrs Lawal, wa ya rubuta wannan?" Na ce ban sani ba, alhali ko a mafarki na san rubutun hannunka.

Kamfani yanzu cewa yake ni da bakina na wanke su, wai zanina ne ya harɗe ni. Na dawo a jirgin ƙarƙashin ƙasa ina kuka har na wuce tashata.

Hanya ɗaya ta rage. Baba ya je kotu a nan wurinku ya yi takardar rantsuwa cewa bai ga faɗuwar ba, bai san girman raunin ba, kuma wasiƙar ladabi ce irin tamu. Dole ta iso kafin 10 ga Mayu, ranar da alƙali ya yanke na rufe karɓar takardu.

Zinatu

Zariya
30 ga Maris, 1976

Ƙanwata,

Gaisuwa, da neman gafara. Ni na rubuta. Baba ya ga adireshinsu a bayan katin ya ce wanda aka yi wa alheri bai gode ba butulu ne. Ya faɗa da Hausa, ni kuma na juya, har ina ƙara gishiri don su san malamin makaranta ne ya rubuta. Kalmar tsautsayi kuwa daga wasiƙarki muka ɗauko ta.

Na same shi jiya bayan la'asar. Ya ce magana zarar bunu ce, shi bai taɓa yafe abu ya dawo ya tono shi ba, balle a kan targaɗe. Targaɗe, Zinatu! Abin da ya sani ke nan, kuma kin ɗaure bakina. In kin kwance ni zan faɗa, amma ya fi kyau ya ji daga gare ki. Wasiƙa tana cin mako biyu, ki lissafa.

Almu

Barking
12 ga Afrilu, 1976

Zuwa ga mahaifina,

Baba, ina durƙusawa da zuciyata, domin da gwiwata ba zan iya ba. A zaune nake salla tun bara. Likita ya ce ba zan ƙara tsayuwar karɓar haihuwa ba, sai dai in koma karatu in zama mai koyarwa, kuma diyyar shari'ar nan ce za ta ɗauki nauyin hakan.

Na ce muku targaɗe ne saboda hawan jinin Inna, kuma saboda a gidanka aka koya min cewa mai ciwo "da sauƙi" yake cewa. Ƙarya na yi muku, ku yafe min. Ƙarfen ya daɗe da lalacewa, wani ma'aikacin jirgin ya yarda zai ba da shaida. Ban ce ka janye godiyarka ba, Baba. Gaskiyar abin da ka sani da wanda ba ka sani ba kawai nake roƙo.

'Yarka mai biyayya,
Zinatu

Zariya
29 ga Afrilu, 1976

Uwata,

Assalamu alaikum. Almu ne ke rubutawa, ni nake faɗa, na kuma hana shi ƙara ko wasali.

Na je kotu na rantse. Takardar tana hannun Malam Haggai na ofishin ilimi, jirgin sama zai hau daga Kano jibi, ya yi alkawarin kawo miki har ƙofa.

Godiyata tana nan, domin sun ɗauke ki. Yafiyar ce na yi kuskure, na yi kyauta da abin da ba nawa ba. Ƙafa taki ce, haƙƙi naki ne.

Na cire katin daga zaure. Daga yau kuma, in na tambaye ki ya jiki, ki faɗa min yadda yake.

Mahaifinki