Kaluluwar da ta tsorata ni

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan, amin. Mu nan duk lafiya, uwargida tana ta shirin yaye jikarki.

Yaya, akwai abin da na ɓoye miki. Wata biyu da suka wuce kwanon rufi ya yanke ni a hannu a wurin walda, sai ga kaluluwa a hammata kamar ƙwan zabo. Ciwon ya warke, ita ta ƙi sauka. Kin san da irin wannan kumburin marigayi Baba ya fara. Ni da na tashi da injin walda ɗaya na aro har na ajiye ma'aikata tara, wallahi na kasa cin abinci. A ɓoye na miƙa wa babban ɗana makullan shago, na ce masa hutu nake so.

Uwargida ce ta gano, ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Suka yanki ɗan tsoka suka duba. Jiya likita ta nuna mini hoton abin da suka yanka: wasu da'irori ne fari-fari, a jere. Ta ce ɗakunan horo ne da jiki yake buɗewa a cikin kaluluwa, inda ƙwayoyin tsaro suke koyon kama cutar da ta shigo. Wai akwai sinadari a cikin ƙwayoyin tsaron da yake ba da umarnin buɗe ɗakin, akwai wani kuma da yake sallamar su in sun ƙware. In na farko ya ƙi sakin ragama, daga nan wani ciwon daji yake tasowa. Na ce mata ai na gane, shugaban ma'aikata ne da ya ƙi a tashi aiki. Na kori irinsa biyu. Ta yi dariya ta ce to nawa masu ladabi ne, babu daji, kumburin zai sauka da kansa.

Daga asibiti shago na wuce na karɓe makullaina. Yaron nan har ya sauya mini wurin kujera!

Ki gaishe da maigida, da Gwaggo, da Auta. Kada ki ɗaga hankalinki, ina nan daram.

Naki ƙaninki,
Mai Walda